Gizo-gizo Ya Cika Mana Ɗaki: In Fesa Magani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Pantami, cikin garin Gombe. Tun da damina ta kankama gizo-gizo ya cika mana kusurwoyin ɗaki da kicin, ga wani ƙato da yake fitowa bango da dare. Shekaranjiya ɗana ya tashi da ƙuraje masu ruwa a wuya, maƙwabta suka ce fitsarin tautau ne. In sayo ota-piapia in feshe gidan gaba ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba yaro lafiya. Malama, kada ki fesa. Bari mu fara da yaron, don shi ne abin gaggawa.

Gizo-gizo ba ya yin fitsarin da ke ƙona fata. Irin wannan ƙuna da ake tashi da ita a damina, galibi aikin wani siririn ƙwaro ne mai launin baƙi da ja, wanda bai kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba. Hasken fitila ne yake jawo shi ɗaki. Ba ya cizo, amma idan mutum ya murtsuke shi a jiki cikin barci, ruwan cikinsa yakan ƙona fata, ta yi ja sannan ta yi ƙuraje bayan kwana ɗaya ko biyu. Ki wanke wurin da ruwa da sabulu, ki hana shi sosawa ya kai hannu ido, kuma kada a shafa toka ko man birki. Idan ƙurajen sun jeru a gefe ɗaya na jiki da zafi mai tsanani, ko sun kusa ido, ko akwai zazzaɓi, a kai shi asibiti yau.

Su kuma gizo-gizon da kike gani, abinci ne ya tara su. Mai siraran ƙafafu da ke rataye a kusurwar silin, wanda yake karkarwa idan an taɓa yanarsa, sauro da ƙananan ƙudaje yake kamawa, har ma da wasu gizo-gizon. Ki haska tocila ƙarƙashin yanar, za ki ga busassun gawarwakin ƙwari a nannaɗe. Ɗan guntun nan mai tsalle a jikin taga da rana ba ya saƙa tarko, laɓaɓawa yake yi ya faɗa wa ƙuda. Akwai wani danginsa a yankin tafkin Biktoriya, a Kenya da Uganda, da aka tabbatar ya fi son macen sauro wadda ta sha jini. Ƙaton da ya tsorata ki kuwa, shi ne ya fi cancantar a ƙyale shi, domin farautar kyankyaso yake fita yi, kuma da ya ji motsinki gudu zai yi. Wani bincike na 2017 ya ƙiyasta cewa gizo-gizon duniya suna cinye abin da ya kai tan miliyan 400 zuwa 800 a shekara, akasarinsa ƙwari.

Ga abin da feshi yake haifarwa. Gizo-gizo yana fili, shi zai fara mutuwa. Kyankyaso yana can cikin tsagar bango da ramin masai, kuma ƙwansa na cikin wani kwanso mai tauri da magani ba ya ratsawa sosai, kowane kwanso da ƙwai wajen 16. Bayan makonni kaɗan sai su ƙyanƙyashe, ba mai cin su. Ota-piapia kuma asalinsa maganin gona ne, shaƙarsa a rufaffen ɗaki ta fi duk wani gizo-gizon gidanki haɗari ga yaro.

Ba a ce ki zauna da yana tana reto a kan gado ba. Ki share ɗakin kwana da saman wurin girki da doguwar tsintsiya duk mako. A sito, zaure da bayan gida, ki ɗebe tsohuwar yana mai ƙura, wadda ta daina kama komai, ki bar mai ita ya sake saƙa sabuwa. Wanda ya shigo inda ba a so, a kife shi da kofi, a zura kwali a ƙasa, a kai shi waje. Idan kina son su ragu, ki rage musu abinci: waya a taga, rufe kwandon shara, zubar da ruwan da ya kwanta a tsoffin tayoyi da gwangwani, da matsar da ƙwan fitilar waje nesa da ƙofa. Gidan sauro mai magani kuwa kada a daina kwana a cikinsa. Gizo-gizo yana rage sauro, ba ya ƙarar da shi, balle a watannin Agusta da Satumba da zazzaɓin cizon sauro ke tsananta.

Akwai guda ɗaya da za ki kiyaya. Mai ruwan ƙasa ne, cikinsa kamar ƙwallo, da tabo ja ko ruwan lemo a ƙarƙashin cikin, kuma jakar ƙwansa fara ce mai tsinke-tsinke. Yana ɓuya a ƙarƙashin kujerar roba, bakin bokiti da tarin itace. Shi kam a kashe shi da takalmi, a murƙushe jakar ƙwan. A riƙa kakkaɓe takalman yara da safe, wanda zai kare su daga kunama ma. In ya ciji mutum, a wanke da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi, kada a tsaga ko a ɗaure. Idan ciwon ciki, ɗaurewar jijiyoyi ko zufa mai yawa suka biyo baya, musamman ga yaro ko mai juna biyu, a garzaya asibiti.