Tambaya da Amsa: Siyasar Zamanin En'e a Karkara

Tambaya: Kakana manomi ne a ƙasar Ringim. A gidanmu ana cewa an ɗaure shi wata uku saboda ya shiga NEPU. Shin doka ce ta hana shiga jam'iyyar a lokacin? Daga wani ɗalibi, Ringim.

Amsa: Ɗana, babu dokar da ta haramta NEPU, jam'iyyar adawa ta su Malam Aminu Kano. An kafa ta a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ta kuma yi takara a fili har sojoji suka rushe jam'iyyu a 1966. Abin da ya kai irin su kakanka gidan yari shi ne yadda aka tara iko a hannu ɗaya. En'e, wato hukumar gargajiya da ke ƙarƙashin sarki, ita ce ke da 'yan doka, wato 'yan sandanta, ita ke naɗa alƙali tana biyansa albashi, gidan yarin nata ne, kuma daga wajenta ake neman izinin yin lacca. Manyan En'e ɗin nan kuwa, hakimai da 'yan majalisar sarki, su ne jigogin NPC, jam'iyyar da ke mulkin Arewa.

Ga yadda abin ke tafiya. 'Yan NEPU su rubuta takardar neman izinin taro a kasuwa. A riƙe takardar har ranar ta wuce, ko a ba su wani fili can bayan gari. In sun taru haka nan, laifin taro ba izini ya hau kansu. In an ba da izinin, malamin En'e na gefe yana rubuta abin da mai lacca ya faɗa, kalma ɗaya kan hakimi ta isa a ce zagi ne. Washegari sai gaban alƙali, inda doka ba ta yarda lauya ya shiga ba. A yanke bulala, ko tara, ko ɗaurin wata uku zuwa shida. Akwai ɗaukaka ƙara, amma kafin takarda ta kai birni ta dawo mutum ya ci rabin wa'adinsa, in da damina ne gona ta cika da ciyawa. Asarar noman shekara ita ce hukuncin da ya fi ciwo.

Makami na biyu shi ne haraji. Mai unguwa ke ƙidaya magidanta da samarin da suka isa, dagaci ya raba wa kowa nasa, hakimi ya tattara ya kai baitulmali. Tun da rabon na hannun dagaci, wanda aka sani da taurin kai ana iya ɗora masa fiye da na maƙwabcinsa, ko a zo masa tun gyaɗa ba ta shiga kasuwa ba. Wanda ba shi da kuɗi a hannu dole ya ci bashi a kan amfanin da ke gona, ko ya sayar da akuya a wulaƙance. Takardar haraji kuwa sai ka riƙa yawo da ita a aljihu, don ɗan doka na iya tare ka a bakin kasuwa ko a tashar jirgin ƙasa, irin ta Ringim ko Malam Madori. Fulani su ma suna fama da jangali, ana ƙirga shanu da damina.

Tsarin mulkin 1960 ya zo da babin 'yancin ɗan Adam, bisa shawarar kwamitin Willink na 1958, wanda ya binciki fargabar ƙananan ƙabilu, amma a ƙauye ba a ga canji sosai ba sai da aka raba En'e da kayan aikinta. Bayan ƙirƙiro jihohi a 1967 gwamnati ta karɓe kotunan alƙalai, aka haɗe 'yan doka da 'yan sandan Nijeriya, gidajen yari suka koma hannun tarayya. Haraji da jangali kuma Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a tsohuwar Jihar Kano, wadda ta haɗa da Jigawa ta yau, a 1979. Kakanka bai yi abin kunya ba, ku riƙe tarihinsa da kyau.

Tambaya: Mun gaji bindigar mahaifinmu, irin ta maharba da ake ɗura wa albarushi ta baki. Me ya sa a da irinta kaɗai ake gani a ƙauye, kuma ya halatta mu ajiye ta? Daga wani manomi, Birnin Kudu.

Amsa: Malam, Allah ya jiƙan mahaifinku. Tun a 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Burasels ta hana shigo da bindigogin zamani yawancin Afirka, aka bar wa mutane masu cin albarushi. Da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903 da Haɗeja a 1906, sai suka ci gaba a kan haka. Dalilin a bayyane yake, mai adaka in ya harba sau ɗaya sai ya tsaya ya zuba albarushi, ya cusa tsumma, ya sa harsashi, ya danna da sanda. Shi ya sa ake ce mata harbi-ka-ruga.

Dokar bindigogi ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta kasa su uku. Na yaƙi sai da izinin shugaban ƙasa. Irin su mai baki biyu ta farauta, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Masu ɗuri ta baki kuma sha'aninsu na wajen kwamishinan 'yan sandan jiha. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko wanda aka hukunta kan tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Lasisi na mutum ɗaya ne, ba a gadonsa. Don haka ku sanar da dagacinku, ku je ofishin 'yan sanda na yankinku da tsohuwar takardar in tana nan, su faɗa muku matakin da ke aiki a jihar yanzu.

Kafin nan kada kowa ya gwada ta. Maharba da yawa suna ajiye ta a ɗure, albarushi kuwa yana iya tashi bayan shekaru. Tsatsa na cin bututun ta ciki inda ido ba ya gani, a nan yake fashewa a hannun mai harbi. Ku raba ta da wuta da yara.

Tambaya: Gaskiya ne iyayenmu mata ba su yi zaɓe a Jamhuriya ta Farko ba? Daga wata malamar makaranta, Gaya.

Amsa: Gaskiya ne, Malama. A zaɓen tarayya na Disamba 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, a Arewa maza kaɗai aka yi wa rajista. Kowace jam'iyya da akwatinta a ɗakin zaɓe, na NPC da hoton fartanya, na NEPU da tauraro. NEPU ta nemi a ba mata ƙuri'a, Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kan wannan fafutuka, NPC kuma ta ce lokaci bai yi ba. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka buɗe wa matan Arewa ƙofa, suka kuma fito da yawa a babban zaɓen 1979.