Filin Tambaya da Amsa: Dusar Ƙanƙarar 1888 da Shirin Mai Tafiya Ƙasar Sanyi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana tuƙin tasi a Nuyok. Ya ce duk sanda dusar ƙanƙara ta zuba da yawa, sai gidajen talabijin na can sun tuno wata da aka yi a 1888. Me ya faru a shekarar da har yau ba a manta ba? Daga wani dattijo a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba, Allah ya ƙara girma. Abin ya faru ne daga 11 zuwa 14 ga Maris, 1888, ya ci rayuka fiye da 400 a gabashin Amurka, wajen 200 daga ciki a birnin Nuyok kaɗai.

Bari mu fara raba abu biyu da bakin Hausa ya haɗa. Ƙanƙarar da muka sani, wadda ke zuwa da hadarin damina ta yi ƙara a kan kwano ta yayyaga ganyen masara, dunƙulallen ruwa ne mai tauri. Dusar ƙanƙara kuwa laushi gare ta, tana saukowa shiru kamar audugar rimi. Ita kaɗai ba ta cika kisa ba, sai ta haɗu da iska. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka ba ta kiran abu guguwar dusa sai gudun iska ya kai kilomita 56 a awa, mutum ya kasa hangen abin da ya wuce mita 400, kuma a yi awa uku ana haka. Wanda ya taɓa kunna fitilar mota da rana tsaka a hanyar Kuseri saboda ƙurar hunturu ya san rabin labarin. Sauran rabin shi ne wannan ƙurar tana taruwa har ta toshe ƙofa, sanyinta kuma yana kashe yatsu.

A 1888 an shammaci mutane. Kwanakin da suka gabata akwai ɗumi, har ana zaton sanyi ya yi sallama. Ranar Lahadi aka yi ruwan sama, cikin dare iska mai sanyi ta shigo daga arewa ta tarar da danshin teku, ruwan ya koma dusa. Guguwar ta yi ƙarfi ne a kan teku, lokacin kuma jiragen ruwa ba su da rediyon da za su aiko da labari, saboda haka masu hasashe ba su gan ta tafe ba. Da safiyar Litinin leburori da masu shaguna suka fita aiki, don wanda bai je ba babu lada. Da yawa a hanya aka tsinci gawarsu.

Abin da ya zuba a tsakiyar Nuyok bai wuce santimita 53 ba, amma a garuruwan arewa da birnin ya haura mita ɗaya, iska kuma ta tara ta tudu-tudu har ta rufe benen farko na wasu gidaje. Jiragen ƙasa na birnin a lokacin a kan gadojin ƙarfe suke bi, sama da tituna. Suka maƙale da dubban fasinja, har wasu masu tsani suka riƙa karɓar kuɗi suna sauko da mutane. Wayoyin tangarahu da ke rataye a kan turaku suka tsintsinke, aka yi kwanaki Nuyok ba ta jin Washintan. Kwal ɗin ɗumama gida da madara suka yanke, motocin kashe gobara na dawaki suka kasa fita. A teku kuma jirage wajen 200 suka nutse ko suka maƙale a gaɓa.

Dalilin da ya sa ake tuna ta bai tsaya ga yawan mamata ba. Bayanta ne aka matsa wa kamfanoni su binne wayoyinsu a ƙasa, maganar jirgin ƙarƙashin ƙasa kuma ta samu ƙarfi: Boston ta buɗe nata a 1897, Nuyok a 1904. Jirgin da ke wucewa a ƙarƙashin tayoyin tasin ɗanka, wannan guguwar na cikin abin da ya haife shi.

Tambaya: Ita ce mafi muni a tarihi? Kuma za ta iya zuba a nan Cadi? Daga wani ɗalibi a Injamena.

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Wadda ta fi kisa a abin da aka rubuta ita ce ta Iran, daga 3 zuwa 9 ga Fabrairu, 1972. Mako guda tana zuba bayan shekaru na fari, a wasu wurare ta kai mita 8, ta binne ƙauyuka ɗungurungum, mutum wajen 4,000 suka rasu. Ba a cika jin labarinta ba, don talakawan ƙauye ta ci, nesa da 'yan jarida.

Game da Injamena, kwantar da hankalinka. Dusa tana son sanyi da danshi a lokaci guda, mu kuwa Allah ya raba mana su: sanyinmu da busasshiyar iskar hunturu yake zuwa, danshinmu kuma da zafin damina. Ko a daren Janairu da kake rawar ɗari, ma'auni yana sama da digiri 10 a yawancin dare, ita kuma sai ya sauko kusa da sifili. Tudu ne ke canza lissafi, don kowace kilomita ɗaya da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Shi ya sa ruwa ke daskarewa da dare a duwatsun Tibasti na arewacin Cadi, inda dutsen Emi Kusi ya haura mita 3,400. A gefen Sahara ta arewa kuma, garin Ain Safra na Aljeriya, mai tudun wajen mita 1,000, ya ga dusa a kan jan yashi a 1979, da 2016, da 2018.

Tambaya: Ɗiyata za ta tafi karatu Kanada. Tunda na ga hotunan motoci a binne na kasa barci. Me zan gaya mata? Daga wata uwa a Marwa.

Amsa: Hajiya, Allah ya kai ta lafiya ya ba da sa'ar karatu. Gaya mata cewa yawancin waɗanda irin wannan guguwa ke kashewa a yau, ba dusar ce ke danne su ba. A birnin Bafalo na Amurka, kusa da iyakar Kanada, fiye da mutum 40 suka mutu a guguwar Disamban 2022: wasu a waje sun bar mota sun taka, wasu a cikin mota, wasu a gida babu wuta, wasu zuciya ta tsaya suna kwasar dusa da shebur.

Tufafi hawa uku za ta sa, ba ƙatuwar riga ɗaya ba. Na jikin fata ya zama ulu ko yadin roba mai saurin bushewa; auduga, duk da ƙaunar da muke mata, tana shan gumi ta riƙe shi, sai ta koma sanyaya jiki. Na tsakiya suwaita mai kauri, na waje riga mai tare iska da ruwa. Sai hula mai rufe kunne, safar hannu, da takalmi mai ɗan yalwa, don matsattse yana hana jini zagayawa. Ta riƙa duba gudun iska tare da ma'aunin sanyi: digiri 20 ƙasa da sifili da iskar kilomita 50 a awa, jiki yana jin sa kamar 35 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe kuma tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. In ta yi alwala, ta tsane fuska da hannu sarai kafin ta fita.

Alamar daskarewa ita ce yatsa ko hanci ya mutu, ya yi tauri, ya yi fari-fari ko toka-toka. Kada a murza, kada a kanga a wuta, don wurin ba ya jin zafi, zai ƙone ba ta sani ba. A tsoma cikin ruwa mai ɗumin jiki, digiri 37 zuwa 39, na kamar minti 30, sannan a nufi asibiti.

In guguwa ta tare ta a mota, ta zauna ciki. Mita kaɗan sun isa mutum ya ɓata a cikin farin dusar. A tada inji minti 10 a kowace awa don ɗumi, amma kafin kowace tayarwa a fita a share bakin salansa, a ɗan sassauta gilashi ɗaya. In dusa ta toshe salansa, hayaƙin cikin motar yake komawa.

A gida ta ajiye abincin kwana uku da ba ya bukatar dafuwa, ruwa lita 4 na kowace rana, tocila, da cajar waya ta hannu. In wuta ta ɗauke, a bar famfo yana ɗiga, don ruwa yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100 in ya daskare, ya fasa bututu.

Abin da za ki fi jaddada mata shi ne hayaƙi. Gawayi, risho, murhun gas da janareta duk suna fitar da wata iskar guba, kabon monoksaid, marar launi marar wari. Tana farawa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sai barci, mai barci kuma ba ya farkawa ya buɗe taga. Janareta a waje yake zama, mita 6 daga ƙofa da taga. Ta tabbata ɗakin da za ta kama yana da na'urar da ke ƙara in gubar ta taru, kuma batirinta na aiki. Wannan gargaɗin har da ke, Hajiya: kaskon garwashin da ake shiga da shi ɗaki a daren hunturu a Marwa, a tura ƙofa a toshe taga da tsumma, gubar nan ce dai yake fitarwa. A ɗumama ɗakin da ƙofa a buɗe, a fitar da kaskon tsakar gida kafin a kwanta.