Zan canza murhun gas na cikin teburin kicin, amma ina jin warin gas da asuba

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Gidan da muke ciki a Kaduna mun same shi da kicin irin na zamani, kabad-kabad a jere, samansu teburin dutse da aka huda aka dasa murhun gas mai kai huɗu, a ƙasansa kuma obin na lantarki. Murhun ya tsufa, kai biyu sun daina kamawa. Ƙanena ya aiko mini da sabo daga Ingila, shi ma mai kai huɗu, an rubuta santimita 60 kamar tsohon. Da kafinta ya gwada sai ya ƙi zama a ramin, ya ce zai kawo mai injin yankan dutse a ƙara faɗinsa. Abin da ya fi damuna shi ne wasu ranakun in na shiga kicin da asuba nakan ji ɗan warin gas, musamman in na buɗe kabad ɗin da tukunyar gas take, wanda yake manne da na obin. Mai kawo mana gas ya ce ba komai, in riƙa barin taga a buɗe, gas ɗin zai tashi ya fita, kuma da zarar an sa sabon murhu warin zai ɗauke. Ina da yara ƙanana. In bari a yanka dutsen a sa?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin ki ƙarasa karanta wannan amsa, ki je ki rufe kan tukunyar, ki sa a cire ta daga cikin kabad a fitar da ita tsakar gida, a inuwa. Girkin yau da na gobe a yi shi da ƙaramar tukunya mai murhu a kanta, a waje. Maganar dutse za ta iya jira mako guda, wannan kuwa ba za ta jira ba.

To, batun ramin. Santimita 60 da kike gani a jikin kwali faɗin fuskar murhun ne ta sama. Cikinsa da ke nutsewa a cikin dutse kowane kamfani da nasa awon. Yawancinsu suna neman rami mai faɗin santimita 55 zuwa 56 da zurfin 47 zuwa 49 daga gaba zuwa baya, kuma bambancin santimita ɗaya ya isa ya hana shi zama. Ki duba littafin da ya zo da murhun, akwai zanen ramin da awonsa. A ɗaga tsohon a auna ramin da tef, a kwatanta. In ragowar ba ta wuce santimita ɗaya ko biyu ba, mai aikin dutse zai iya gogewa a wurin, da sharaɗin a fara zaro obin ɗin gaba ɗaya don kada ƙura ta cika masa fanka, a tokare dutsen ta ƙasa, a bar kusurwoyin ramin a lanƙwashe, domin daga kusurwa mai kaifi tsagewa ke farawa. Siririn dutsen da ke gaban murhu da na bayansa kada ya gaza santimita 5. In sai an ci fiye da haka, ko an taɓa katakon gefen kabad, gara ki sayar da wannan ki sayi wanda ya dace da ramin. Ya fi miki sauƙi da a ce teburi ya tsage, ki shiga neman dutse mai launi iri ɗaya da na shekarun baya.

Akwai abin da kafinta ba zai duba miki ba, don ba aikinsa ba ne. Murhun da aka yi wa kasuwar Ingila galibi yana fitowa ne a shirye don gas ɗin da ake janyo wa gidaje ta bututu, wanda ke aiki da matsin milibar 20. Namu na tukunya ya fi shi ƙarfi, regiletarmu kuma tana ba da milibar 28 zuwa 30, wasu 37. Saboda haka ƙwayar nozul ɗin da ke tsakiyar kowane kai, wato ɗan bakin da gas ke fitowa ta cikinsa, dole ta zama mai ƙaramin huji. Ki juya murhun ki karanta takardar da ke manne a ƙasansa. In kin ga G20, na bututu ne. Namu G30 ko G31 ake rubutawa. Sau da yawa kamfani kan saka wasu nozul na canji a ƙaramar leda cikin kwalin, mutane kuma su zubar da ita tare da soso da robobi. Ki nemo ta. In aka haɗa shi ba a canza ba, za ki ga harshen wuta dogo, ja-ja ko ruwan ɗorawa, tukwanen girki su yi baƙi, kuma irin wannan konewar da ba ta cika ba ita ke fitar da wata iskar guba marar wari mai sa ciwon kai da jiri. Bayan an canza sai a daidaita ɗan kusar da ke bayan kowane mamurɗi don ƙaramar wuta ta tsaya ba ta mutu ba. Duk wanda ya ce miki zai daddoke nozul da guduma ya rage hujin, ko ya cusa masa waya, ki biya shi kuɗin mota ya koma.

Yanzu ga maganar mai kawo muku gas, wadda nake jin irinta kusan kullum, daga bakin masu dakon tukwane har da masu ginin gidaje: wai gas sama yake tashi, in an buɗe taga ya fita. Wannan magana ta kashe mutane, kuma ba gaskiya ba ce.

Gas ɗin tukunya haɗin furofen ne da butan. Furofen ya fi iska nauyi da kusan ninki ɗaya da rabi, butan kuma kusan ninki biyu. In ya zurare, halinsa halin ruwa ne: ƙasa yake nema, ya kwanta a gindin kabad, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya malale a daɓe, ya shige ƙasan firji da ramin magudana. Tagar kicin ɗinki tana can sama da teburi, mita guda ko fiye daga ƙasa. Ki bar ta a buɗe shekara, abin da ke kwance cikin rufaffen kabad bai san da ita ba. Shi ya sa kike jin warin sosai sai kin sunkuya kin buɗe, kuma shi ya sa yaron da ke rarrafe yake shaƙarsa kafin ke da kike tsaye.

Daga ina kuskuren ya samo asali? Ina ganin daga hotuna ne. Muna kwaikwayon kicin ɗin Turai da muke gani a waya, alhali a can yawancin gidajen birni ba su da tukunya, bututu ne ke kawo gas, kuma nasu bai kai iska nauyi ba, shi kam sama yake yi. Wanda ya zana irin wannan kicin bai ware wa tukunya wuri ba don babu ita. Mu kuma sai mu gama kashe kuɗi a kan kabad, mu waiwaya mu ga tukunya mai kilo 12.5 a tsaye tana ɓata ado, sai a ce a tura ta ciki a rufe, don baƙi kada su gani.

Ki yi lissafin da kanki. Kabad mai faɗin santimita 60, in aka cire gurbin tukunya, iskar da ke cikinsa ba ta wuce lita 200 ba. Gas yana kamawa da wuta da zarar ya kai kusan kashi 2 cikin 100 na iskar wurin, har zuwa wajen kashi 10. Kashi 2 na lita 200 lita 4 ne, wato kimanin giram 10 na abin da ke cikin tukunyar. Giram 10 daga cikin 12,500. Ba a buƙatar tiyo ya fashe. Robar bakin regileta da ta bushe, ko kilif da ya saki, ko cizon ɓera guda, sun isa su tara wannan cikin dare ɗaya.

Mutane kan ce ai babu mai kunna ashana da tsakar dare. Ba sai da ashana ba. An ɗauke wuta da magariba, kowa ya kwanta, ƙarfe uku na dare aka dawo da ita. Firji ya tashi, soket ɗin da ke bayan obin wanda wayarsa ta ɗan saki ya yi tartsatsi, ko ke ki shigo da asuba ki danna makunnin fitila. Tartsatsin da ido ba ya gani ma ya isa. A kicin ɗinki kuma an haɗa abubuwa biyu da bai kamata su yi maƙwabtaka ba, domin obin yana fitar da zafi ta gefe da baya, katako ɗaya ne tsakaninsa da tukunya. Zafi yana ƙara matsin da ke cikin tukunya, yana busar da tiyo har ya tsattsage. Dama don haka ne ba a cika tukunya fal, ake barin kusan kashi 20 cikin 100 sarari. Masu sayar da gas na bakin titi da ke juye shi daga tukunya zuwa tukunya ba duka ke kula da wannan ba, wasu ma alfahari suke sun cika miki har wuya.

Batun cewa sabon murhu zai kawar da warin, shi ma zance ne na wanda yake son ya tafi. Kin ce a cikin kabad warin ya fi ƙarfi, a can kuwa regileta da tiyo ne suke. In an ɗora sabon murhu a kan tsohon tiyo, ba a yi komai ba. Kuma kada ki dogara da hanci. Gas ɗin kansa ba shi da wari, wani sinadari ake zuba masa don a ji, hanci kuma yana sabawa da shi cikin ɗan lokaci. In kin daina ji, mai yiwuwa hancin ne ya gaji.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake gwadawa. Har yanzu akwai masu gyaran da za su haɗa tiyo su ƙyasta ashana su zagaya bakin haɗin, wai in akwai yoyo za a gani. Za a gani kam. Ruwan sabulu mai kumfa ake shafawa a kowace mahaɗa, a buɗe tukunya, murhu a rufe, a tsaya a duba. Inda kumfa ta riƙa kumbura, nan yake fita. Ba ya cin ko sisi, amma mutum ya ɗauki rayuwar gida guda ya ɗora a kan tsinken ashana, in Allah ya kiyaye ya ce ai ya saba, in kuma ta faru a ce ƙaddara. Mun yi imani da ƙaddara, amma wanda aka ba shi amanar aiki ya yi ganganci, akwai tambaya a kansa. Haka mai gidan hayan da ya san tukunya na cikin kabad ya hana a huda bango don kada fenti ya lalace.

Ga yadda nake so a yi aikin. Tukunya ta koma waje, a bayan bangon kicin, a gina mata ɗan keji mai rufin inuwa da iska ke ratsawa ta ƙasa, nesa da janareta da bakin kwata. Daga can a janyo bututun jan ƙarfe ta cikin bango, a sa masa makulli a ciki inda hannunki zai kai ba sai kin zaro komai ba. Kada tiyon roba ya bi ta bayan obin ko ya taɓa jikinsa. Guntun tiyon da zai rage a wajen tukunya ya zama na gas na asali mai kwanan wata a jikinsa, da kilif na ƙarfe a kowane baki, a canza shi kafin ya shekara biyar ko da bai nuna komai ba. Ki duba shekarar da aka buga a wuyan tukunyar ma, domin a ƙa'idar SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, tukunya shekara 15 take yi. In bene kuke kuma babu yadda za a fitar da ita, to a cire ƙofar kabad ɗin ko a yi masa manyan huji a can ƙasa, ya zama ba na kusa da obin ba, babu soket a ciki, a riƙa rufe kan tukunya bayan kowane girki. Wannan maneji ne, ban so shi ba. In za ki sayi na'urar da ke ƙara in ta ji gas, a kafa ta ƙasa-ƙasa, kamar santimita 30 daga daɓe. Na sha ganin an maƙala ta a silin.

Tunda za a zaro obin ɗin, mai lantarki ya duba wayarsa a lokacin. Fulogi mai amfiya 13 iyakarsa wajen wat 3,000, in obin ya wuce haka layinsa daban yake buƙata daga akwatin fis, da wayar ƙasa mai aiki. In akwai fankar zuƙar hayaƙi a saman murhu, a tabbatar tsakaninsu ya kai abin da littafin ya faɗa, yawanci santimita 65 zuwa 75.

In kuma kin sake jin wari kafin a yi duk wannan, kada ki taɓa makunni, ko kunnawa ko kashewa, kada ki kunna fanka don ta kore shi, kada ki yi waya a cikin kicin. Ki fitar da yara, ki rufe tukunya, ki buɗe ƙofar kicin ta waje da ƙofofin kabad, domin ta ƙasa zai fita. Sai an gwada da ruwan sabulu an ga ba kumfa sannan a kira mai yankan dutse, kuma ranar da zai yi aikin tukunyar ta kasance a waje a rufe, don injinsa tartsatsi yake zubarwa.