Ziyarar Sansanin Sojojin Rumawa a Arewacin Ingila

Tambaya: Zan ziyarci ɗana da ke karatu a Newcastle, ya ce zai kai ni tsohon sansanin sojojin Rumawa. Shin akwai abin gani, ko tarin duwatsu ne kawai? Daga mai karatu a Unguwar Rimi, Kaduna.

Amsa: Malam, akwai abin gani ƙwarai. Sarkin Rumawa Hadiriyan ne ya sa aka fara gina doguwar katangar da sansanonin suke jikinta ko kusa da ita a shekara ta 122 Miladiyya, tsawonta kusan kilomita 117, kuma saɓanin ganuwar Zariya da ta kewaye gari, ita ratsa ƙasar ta yi daga gabas zuwa yamma.

Shawarata ka fara da sansanin Vindolanda, inda a 1973 aka tono siraran allunan katako masu rubutun tawada, waɗanda ƙasa mai danshi da iska ba ta shiga ta hana su ruɓewa. A cikinsu akwai wasiƙar matar wani hafsa tana gayyatar ƙawarta bikin zagayowar ranar haihuwarta, wadda ita ce ta fi taɓa mini zuciya. A sansanin Housesteads kuwa, har yau ana ganin makewayin sojoji da magudanar ruwansa.

Jirgin ƙasa zai kai ku Hexham, wani gari da ke kusa da katangar. Ka tafi da rigar sanyi mai kauri, domin iskar tudun ta fi hunturun Kaduna ratsa jiki.