Uba ya hana a kai 'yarsa asibiti: ina matsayin inna a doka?

Tambaya: Barista, 'yar yayata ce, shekararta 15, tana hannun mahaifinta a nan Kano. Iyayenta sun rabu, yayata ta yi wani aure a Gusau. Wata biyu ke nan yarinyar tana tari, ta rame, gumin dare yana jiƙa mata zani, makon jiya kuma ta nuna min kaki da jini-jini. Mahaifinta ya ce sammu ne, rubutu da jiƙo ake ba ta, ya kuma rantse ba mai kai masa 'ya asibiti. In na kai ta ranar da ta zo min yini ba da saninsa ba, na yi laifi? Likita ma zai yarda ya duba ta?

Amsa: Hajiya, Allah Ya ba ta lafiya, Ya saka miki da alheri. Kai ta a duba ta abu ne da za ki iya yi, kuma ina ganin kada ya wuce wannan makon. Abin da ba zai yiwu a ɓoye ba shi ne jinyar da za ta biyo baya, don haka tun yau ki fara neman wanda doka ta yarda ya sa hannu a madadin uban.

A dokar Nijeriya, duk wanda bai cika shekara 18 ba yaro ne. Haka Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce, kuma Jihar Kano ta yi nata dokar kare yara a 2023. Kundin ƙa'idojin aikin likita na ƙasar nan ya bi wannan layi: mara lafiyar da bai kai 18 ba, makusancinsa ne yake ba da izinin a yi masa aiki. Makusancin da asibiti ke nufi shi ne uba ko uwa ko wanda riƙon yaron yake hannunsa bisa doka. Inna, wato 'yar'uwar uwa irinki, duk kusancinta, ba ta shiga wannan sahu don kawai ita inna ce. Wannan ya sa a asibiti za ki ga abu kashi biyu. Yankar kati, auna nauyi, sauraron ƙirji da karɓar kaki don gwaji, galibi ba a tsananta tambaya a kansu idan babba ya rako yaro. Amma da zarar an zo kwantarwa, ƙarin jini, tiyata ko ɗora mutum kan magani na watanni, za a miƙo takarda a ce wa zai sa hannu.

A nan ne mutane suke yin kuskuren da ya fi kowanne tsada, wato su ce "ni ce uwarta". Kada ki yi. In kika sa hannu da sunan yayarki, kin yi takardar jabu, kuma laifi ne mai zaman kansa ko da niyyarki alheri ce. Izinin da aka samu ta wannan hanya ba izini ba ne, kin jefa likitan cikin rigima, kin kuma ba uban makamin da ba shi da shi a da. Ki faɗa wa likita gaskiya: ni ƙanwar mahaifiyarta ce, ubanta ya ƙi, ga abin da na gani. Ki roƙa a rubuta hakan a fayil ɗinta, da rana da lokaci. Rubutun nan zai yi miki amfani in magana ta kai gaban alƙali.

Akwai halin da ba a jiran izinin kowa. Idan ta fara aman jini da yawa, ko numfashi ya gagare ta, ko ta suma, ki wuce da ita sashen gaggawa kai tsaye. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane dalili, wanda ya ƙi kuma hukuncinsa tarar Naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Ƙa'idar likitoci ta ƙara da cewa in babu makusanci a kusa, babban likitan da ke wurin yana iya ba da umarnin a yi abin da zai ceci rai. Sai dai wannan rangwamen iyakarsa ceton rai ne. Da ta farfaɗo, maganar sa hannu za ta dawo.

Yanzu tsoron da kike yi na laifi. Sashe na 271 na dokar hukunta laifuka ta Arewa, wato Penal Code, ya kira shi satar mutum idan aka ɗauke ko aka yaudari yaro namiji da bai kai 14 ba, ko mace da ba ta kai 16 ba, daga hannun mai riƙonta na halal ba da yardarsa ba, hukuncin kuma a asalin dokar yana iya kai ɗaurin shekara goma. 'Yar yayarki tana da shekara 15, don haka sashen ya shafe ta. A fahimtata, yarinyar da ubanta ya bar ta ta zo miki yini, kika kai ta asibiti da safe kika mayar da ita gida kafin magariba, da wuya a ce kin raba ta da mai riƙonta. Abin da zai juya maganar shi ne ki riƙe ta ta kwana biyu ko uku kina ƙin ɗaukar wayarsa, ko ki sa ta a mota zuwa Gusau wurin uwarta. Ranar da ya je ofishin 'yan sanda ya ce an sace masa 'ya, ke za a fara tsarewa kafin a saurari dalilinki, yarinyar kuma a mayar da ita inda ta fito, jinya ta tsaya.

Ni ba likita ba ne, amma alamomin da kika lissafa su ne ma'aikatan lafiya suke cewa a yi gwajin tarin fuka a kansu, musamman tarin da ya haura mako biyu. Gwajin kaki da maganin wannan cuta kyauta ne a asibitocin gwamnati da ke da sashen tarin fuka, kuma ana iya kiran lamba 3340 a tambayi wanda ya fi kusa. In gwaji ya tabbatar, sai ki duba yadda jinyar take, don ita ce ke rushe duk wata dabarar ɓoyo. Magani ne na wata shida, kullum ba fashi: wata biyun farko haɗin magani huɗu, sauran wata huɗun haɗin biyu, ana ƙayyade yawan ƙwayar da nauyin jikinta, ana maimaita gwajin kaki a tsakani. Ɗaya daga cikin magungunan yana mayar da fitsari ja-ja kamar ruwan lemo, abin da matar uba za ta gani cikin kwana biyu. In aka gano aka ƙwace maganin bayan mako uku, an yi mata babbar illa, domin katsewa tana iya haifar da tarin da ba ya jin magani, wanda jinyarsa ta fi tsawo da wahala. Ga kuma ƙannenta da suke kwana ɗaki ɗaya da ita, su ma asibiti zai so a kawo su a duba. Ki kuma sani cewa sashe na 26 na waccan doka ta 2014, wanda ya wajabta sirrin mara lafiya, ya bar wa iyaye ko mai riƙo damar neman bayanin jinyar yaronsu. Ko likita ya so rufa miki asiri, in uban ya zo ya tambaya, doka tana tare da shi a wannan gaɓa.

Ƙofar da ta fi kusa ita ce yayarki. Saki bai cire ta daga zama uwa ba, sabon aurenta ma bai cire ta ba, kuma sa hannunta izini ne da asibiti zai iya aiki da shi. Abin da ya fi shi ne ta zo da kanta ranar karɓar sakamako, da katin shaidarta da takardar haihuwar yarinyar in akwai. In zuwan ya gagara, ta rubuta takarda da sunanta, sunan yarinyar da shekarunta, cewa ta amince a yi gwaji da magani kuma ta wakilta ki, da kwanan wata da lambar wayarta, ta haɗa da hoton katin shaidarta, ta kuma kasance kusa da waya don likita ya ji daga bakinta. In ta yi takardar rantsuwa a kotu a can Gusau, ya fi ƙarfi. Wasu ma'aikatan za su ce sai uba, saboda gudun rigima. In haka ta faru ki nemi ganin jami'in walwala na asibitin ko shugaban sashen.

Da sakamako a hannu, sai a koma wa uban, kuma ba ke za ki tunkare shi ba. Mutumin da ya rantse a gaban iyalinsa yana buƙatar hanyar sauka da ba za ta zubar masa da girma ba. A nemi wanda yake jin nauyinsa: mahaifinsa ko yayansa, limamin masallacinsu, ko mai unguwa. Kada a ce masa ya bar rubutu, a ce a haɗa da maganin asibiti, a kuma nuna masa takardar gwajin da haɗarin da sauran 'ya'yansa suke ciki. Jiƙon ne kawai za a gaya wa likita abin da ke cikinsa, don maganin tarin fuka yana taɓa hanta. In wannan bai yi ba, Hisba tana zaman sulhu kan irin wannan, haka ma ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma ko Ma'aikatar Mata. Ki sa wa sulhun wa'adi na kwanaki, kada ya zama makonni ana jeka-ka-dawo yarinya tana ƙara ramewa.

In ya kafe, kotu tana da ikon tsallake ƙin yardarsa, kuma wannan ba sabon abu ba ne. A 1997 a Legas, wata uwa mabiyar Shaidun Jehobah ta hana a yi wa jaririnta ɗan wata ɗaya ƙarin jini. Likitan ya sanar da 'yan sanda, suka samo umarni daga kotun majistare, aka ƙara jinin, yaron ya rayu. Uwar ta yi ƙara har Kotun Ƙoli, a shari'ar Esabunor da Faweya, kuma a 2019 kotun ta ce likitan ya yi daidai: babba mai hankali yana da ikon ƙin magani wa kansa, amma idan ran yaro ne a kan layi, kotu za ta duba maslahar yaron ta ɗora ta sama da aƙidar iyayensa. Lauya zai shigar da roƙon gaggawa, wanda alƙali zai iya saurara tun kafin a kira uban idan jinkiri zai yi ɓarna. Abin da ke ɗaukar roƙon shi ne rahoton likita mai faɗin cutar, maganin da ake so a yi da abin da zai faru in ba a yi ba, sai takardar rantsuwarki da ta uwar, masu faɗin ranar da aka roƙi uban da amsar da ya bayar. Roƙon da aka kai da labarin baki kawai, ba rahoton likita, shi ne yake faɗuwa. In kuɗin lauya ya yi miki nauyi, ki je Legal Aid Council, hukumar da ke sama wa marasa ƙarfi lauya, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, duk suna da ofis a Kano. Ya kamata wanda zai yi wa uban magana ya sanar da shi cewa dokar yara ta ɗora wa iyaye nauyin lafiyar ɗansu, kuma sakaci da gangan da ya jawo wa yaro wahala abu ne da hukuma take iya tuhumar mutum a kai.

Akwai wata hanyar a kotun shari'ar Musulunci da mutane da yawa ba su san suna da ita ba. A mazhabar Malikiyya, renon 'ya mace yana hannun uwa har ta yi aure ta tare. In uwar ta auri wani, renon yana komawa ga kakar yarinyar ta wajen uwa, bayanta kuma ga 'yar'uwar uwa, wato ke, in kin cika sharuɗɗa. Uba yana nan a matsayin waliyyi kuma ciyarwa tana kansa, amma zaman yarinyar yana iya komawa ɗakin mahaifiyarku ko naki da hukuncin alƙali. Wannan shari'a tana ɗaukar lokaci, kuma za a tambayi dalilin da ya sa aka yi shiru tun rabuwar auren, don haka ba ta maye gurbin roƙon gaggawa. Amfaninta shi ne wata shidan nan: a samu gidan da za a tsaya a ga ta haɗiye maganinta kowace safiya.

Ranar da za ku je, ki tafi da ita da wuri don masu karɓar kaki sun fi aiki da safe, ki bar ta ta yi wa likita bayani da bakinta, ki kuma tambaye ta tun a gida ko ta yarda a je, domin yarinya mai shekara 15 kotu ma tana sauraron ra'ayinta. Ki adana katin asibiti, takardar sakamako da duk rasidin da kika biya, ki ɗauki hotonsu a waya ki tura wa yayarki a ranar.