Giyar injin niƙa ta cinye: in jira sabuwar manhaja ko in fara zane?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina gyaran injinan niƙa a unguwar Zango, nan Damagaram. Sau da yawa giya kan cinye haƙora, a zaga Kasuwar Dole ba a samu irinta ba, sai an yi saƙo Kano. Ɗana ya ce akwai manhajar da ake zana giya a kwamfuta, a kai wa mai injin CNC, wato injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa, ya yanka, amma wai ana shirin sabunta ta. In jira sabuwar, ko in fara da wadda ke akwai?

Amsa: Wa alaikumus salam. Maigida, kada ka jira. Irin waɗannan manhajoji kullum cikin gyara suke, wanda ya ce sai an gama zai fara, ba zai taɓa farawa ba.

Wadda nake ba ka shawara ita ce FreeCAD. Kyauta ce, kuma da zarar ka sauke ta ba ta neman intanet, abin da ke da muhimmanci a wurinmu. Sigarta ta 1.0 ta fito a watan Nuwamba na 2024, kuma ta zo da sashen haɗa sassa, inda za ka jera giya biyu ka ga ko sun zauna da juna, da sashen CAM mai fitar da umarnin G-code da injin yankan ke karantawa. Ana iya ƙara mata wani sashe na musamman na giya, mai zana miƙaƙƙun haƙora da masu karkata. Fusion 360 na kamfanin Autodesk ma yana wannan aiki da kyau, sai dai yana yawan neman intanet, kuma lasisinsa na kyauta ba don kasuwanci aka yi shi ba.

Amma abin da ya fi damuna ba manhajar ba ne, awo ne. Duk sabuntawar da za a yi, lissafin haƙorin giya ba zai sauya ba, kuma nan ne yawancin aiki ke lalacewa. Manhajar za ta tambaye ka abu uku: yawan haƙora, modil, da kusurwar matsi, wato karkatar gefen haƙori a inda yake tura haƙorin ɗaya giyar. Modil shi ne girman haƙori. Ka auna faɗin tsohuwar giyar daga kan haƙori zuwa kan na ɗaya gefen, da milimita, ka raba da yawan haƙoran bayan ka ƙara musu 2. Giya mai haƙora 28 da faɗin milimita 60, modil ɗinta 2 ke nan. In ta ci aiki ka samu 59.4, lissafi zai ba ka 1.98; ka ɗauki 2, domin modil yana da matakai sanannu: 1, 1.5, 2, 2.5, 3 da sauransu. In kuwa ya faɗa wajen 2.12, ka tsaya tukuna. Wataƙila injin na awon inci ne, kamar tsofaffin injinan Ingila, kuma giyar milimita ba za ta yi tafiya lafiya da abokiyarta ba. Kusurwar matsi a yawancin giyoyin yau digiri 20 ce, a wasu tsofaffi 14.5. In aka haɗa biyun, za ka ji injin yana kuka, kafin wani lokaci haƙoran sun tafi.

Sai batun yanka. A modil 2, tazarar da ke tsakanin haƙora biyu kusan milimita 3 ce a tsakiya, tana ƙara tsukewa wajen gindi, saboda haka sai da siririn bakin yanka, shi kuwa bai da wuyar karyewa. Ƙananan injinan CNC da ake zane da su a jikin katako za su iya yi maka giyar roba mai tauri ko ta alminiyam, ta gwaji. Giyar ƙarfe da za ta ɗauki nauyin niƙan gero safe da yamma tana buƙatar injin da aka yi don ƙarfe, sannan a gasa ta ta yi tauri. Ka tambayi mai injin wannan tun kafin ka ba da kuɗi.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Jami'ar André Salifou, waya kawai gare ni. Zan iya koyon zanen giya da ita?

Amsa: Ƙanwata, za ki iya farawa. Manhajar zane ta Onshape tana aiki a waya, amma komai nata ta intanet ne, kuma a tsarinta na kyauta kowa na iya ganin zanenki. Don koyo babu laifi. Ranar da za ki fitar da G-code, ki nemi aron kwamfuta.

Tambaya: In sabuwar siga ta fito, in goge tsohuwar?

Amsa: A'a, kada ka yi gaggawa. Ka fara kwafe zanukanka a wani wuri dabam, ka ajiye kowanne a tsarin STEP ko DXF, waɗanda kusan kowace manhajar zane ke buɗewa. FreeCAD yana da nau'in da ake buɗewa kai tsaye daga jakarsa ba tare da an girka shi ba, don haka tsohuwar da sabuwar za su zauna a kwamfuta ɗaya. G-code na farko da sabuwar ta fitar, a gwada shi da bakin yankan a sama, bai taɓa ƙarfe ba, hannu yana kusa da maɓallin tsayarwa.