Amsar Tambayarka Kan Mashayar John Snow

Ɗana, saƙonka ya iso, kowa na gida lafiya. Ka ce 'yan ajinku na kiwon lafiyar al'umma za su je mashayar John Snow da ke unguwar Soho a Landan, har da malaminku, kana tambaya mece ce al'adar wurin, kuma ko ya dace ka bi su.

Sai ka san mai sunan tukuna. A ƙarshen Agustan 1854 kwalara ta ɓarke a titin Broad Street, wanda yanzu ake kira Broadwick Street, cikin kwana goma ta kashe mutum wajen 500. Likitocin lokacin sun ɗauka iska mai wari ce ke kawo ta. Likita Snow bai yarda ba. Ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan ke ɗiban ruwa, sai ya ga yawancinsu famfon rijiya ɗaya suke sha. Gidan gajiyayyu da ke Poland Street, mai mutum 535, biyar kaɗai ya rasa, domin suna da tasu rijiyar. Wata bazawara kuwa can Hampstead, nesa da unguwar, ana kai mata ruwan famfon a kwalba don tana son ɗanɗanonsa, ita ma ta rasu. Ranar 8 ga Satumba hukumar unguwar ta cire hannun famfon. Daga baya wani limamin coci, Henry Whitehead, ya gano an riƙa zuba ruwan wankin tsummokan wata jaririya mai cutar a salgar da ba ta kai taku biyu daga rijiyar ba.

Ni da na ƙare aikina a dubagari, wannan labari ba baƙona ba ne. Sau nawa na tsaya a tsakar gida da damina ina roƙon maigida ya raba rijiya da masai? Shekarar da aka tura mu kwas Ingila na nemi titin da ƙafata. Akwai wani jan dutse a bakin titi, gefen mashayar, daidai inda famfon yake a da. Na daɗe tsaye a kansa, mutane na wuce ni da jakunkunan cefane, hawaye na neman zubo mini. Yanzu an kafa kwatankwacin famfon a wurin, da gangan aka bar shi ba hannu.

Batun al'ada kuwa, mashaya a wurin Bature kamar majalisar ƙofar gida take a wurinmu, nan ake hira bayan an tashi aiki. Ba mai zuwa ya tambaye ka abin da kake so, kai za ka je kanta ka biya nan take. In ana tare, ɗaya ya saya wa kowa, in an shanye wani ya karɓa, haka har a zagayo. Ba a tilasta wa kowa giya, da yawa lemo suke sha. Snow kansa tun yana saurayi ya shiga ƙungiyar masu ƙin giya, sai a 1955 aka sa wa mashayar sunansa, kusan shekara ɗari bayan mutuwarsa a 1858. Saboda haka gayyatar da suka yi maka karramawa ce, kada ka ɗauke ta da wata manufa.

Ga shawarata. Ka bi su. Ka tsaya a famfon, ka saurari malaminku da kyau, ka yi tambayoyi, domin duk abin da ka je nema a waje yake, a kan titi. Amma teburin da ake zagaya giya, kada ka zauna, ko da lemo ne a hannunka. Ka san hadisin da ya hana mai imani zama a irinsa, kuma shi na bi lokacin da na je. Ka gaya musu tun kafin ku fita, da sakin fuska, ba tare da wa'azi ba. Abokan kwas ɗina da na yi wa haka ba wanda ya ji haushi, washegari ma ni na kai su shan shayi.

In ka je ka ɗauko mini hoton jan dutsen nan, ina so in nuna wa ƙannenka. Gwaggonka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa sa rigar sanyi.

Kawunka